Wasiƙa zuwa ga Aminu kan sayen babur na hannu

Zariya.

Zuwa ga aminina Malam Aminu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali. Ya aiki, ya baƙunta a Jalingo? Saƙonka ya iso, na kuma ga halin da kake ciki. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuɗin abin hawa ya zama abokin rabon albashi, don haka ban ga laifinka ba da ka ce gara ka mallaki babur ko da na hannu ne. Tun da kuɗin bai kai na sabo ba, bari in rubuta maka abin da za ka duba, don a waya magana tana wucewa.

Kafin komai, raba kuɗin nan gida biyar, ka ɓoye kashi ɗaya, ka shiga kasuwa da huɗu. Duk babur na hannu, komai kyansa, sai ya ci kuɗi a makon farko: juyen baƙin mai, fulogi, wataƙila kaca ko taya, ga la'adar dillali, ga canjin takardu, ga hular kwano. Wanda ya zazzage aljihunsa wajen saye, a zaure baburin yake kwana wata guda yana jiran albashi.

Game da irin da za ka saya, kada ka bi suna, bi kasuwar kayan gyara. Zaga wurin masu sayar da kayan babur a garin da kake, ka ga wanne ne kayansa suka cika shago, ka kuma duba wanne ne bakanikai suka fi kwancewa ba tare da tunani ba. Kusan ko'ina a Arewa za ka tarar da Bajaj Boxer da TVS da Haojue da Jincheng da roba-roba. Boxer mai cc 100 ba ya shan mai sosai, yana jure hanyar ƙauye, kayansa kuma har a ƙaramar kasuwa ana samu. Matsalarsa ɗaya: shi ne dokin 'yan acaɓa da masu dakon kaya, don haka yawancin na hannu sun sha wuya fiye da shekarunsu. Roba-roba ya fi sauƙin tuƙi ga sabon hannu kuma ya dace da cikin gari, amma ƙasansa kusa yake, ramuka da kaya masu nauyi suna gajiyar da shi da wuri. Tsohon Jincheng, irin wanda ake zuba wa man inji daban yana ƙonewa tare da fetur, yana da arha wajen saye da gyara, sai dai a gidan mai zai riƙa karɓar bambancin. Don zuwa makaranta da dawowa, ni dai zan zaɓi babur ɗin ma'aikaci ko na dattijo da ke zuwa kasuwa da masallaci, ko da ya fi tsufa, a kan na ɗan acaɓa mai sabon fenti. Ka kuma tambayi dokar garin da kake kan babura, don tana bambanta daga jiha zuwa jiha. Kano, misali, ta hana acaɓa tun watan Janairun 2013, wasu jihohin kuma sukan sa dokar sa'o'i ko ta goyo idan tsaro ya taɓarɓare.

Yanzu ga babban abin. Ka je da bakanikenka, wanda kai za ka sallama, ba wanda dillali ya kira ba. Ka kuma je da sassafe, ka ce kada a tayar da baburin kafin ka iso. Da isarka ɗora bayan hannu a jikin inji. Idan ka ji ɗumi, an ɗumama shi ne don ya tashi da bugu ɗaya ya kuma rage ƙara, sai ka ce za ka dawo gobe. Inji mai sanyi ba ya ɓoye ciwonsa.

Kafin a buga kik, kwance ma'aunin baƙin mai, ka goge, ka mayar, ka sake zarowa. Ya kamata man ya tsaya tsakanin alamomin nan biyu. Murza ɗigo tsakanin yatsu ka duba a rana. Baƙi kawai ba laifi ba ne, tsufa ne. Amma idan ka ga ƙyalƙyali kamar garin ƙarfe, inji na cin kansa. Idan kuma man ya yi kauri kamar zuma yana jan zare, an zuba mai kauri ne don a danne ƙarar inji da hayaƙi, kuma ranar da ka yi juye da man gaskiya za ka ji ainihin muryarsa. Ka sa bakanike ya kwance fulogi. Bakinsa ya zama ruwan ƙasa-ƙasa a bushe. Baƙi mai toka-toka na nufin kafireta na ba da mai da yawa, wannan ƙaramin gyara ne. Baƙi mai maiƙo kuwa na nufin baƙin mai na hawowa sama. Sabon fulogi fil a jikin tsohon babur, shi ma abin tambaya ne.

Danna kik a hankali da ƙafa. Ya kamata ka ji ya tokare ka a wani wuri kafin ya wuce. Idan ya tafi salalau har ƙasa, ring ko bawul sun gaji. Babur mai lafiya yana tashi a bugu ɗaya zuwa uku da cok, kuma bayan minti biyu ya tsaya da kansa ba tare da an riƙe masa totur ba. Masu sayarwa sukan ƙara masa silo, wato saurin juyawar inji a tsaye, don kada ya mutu a gabanka. Ka sa a rage ka ga ko zai tsaya.

Sai ka koma bayan salansa ka sa a murɗa totur a saki, sau uku ko huɗu. Hayaƙi mai shuɗi-shuɗi da ya fito a tashin farko ya ɗauke, yawanci robobin bawul ne, ba tsada. Wanda yake ƙaruwa duk lokacin da aka ba shi wuta, fistan da ring ne, wataƙila har da bulok, sai ka cire kuɗinsu daga farashi. Baƙin hayaƙi na kafireta ne ko matatar iska da ta toshe. Irin tsohon Jincheng da na ambata shi kam hayaƙi ɗabi'arsa ce, kada ka auna shi da wannan ma'auni.

Kunne ya fi ido aiki a nan. Ƙarar tik-tik marar nauyi daga saman inji tafet ne, saiti kawai ake yi. Ƙarar shar-shar kamar ana jan sarƙa a gefen inji, ƙaramar kacar ciki ce ta saki, ana canza ta. Wadda za ka guje wa ita ce ƙara mai nauyi daga ƙasan inji, kwas-kwas kamar ana buga guduma a cikin tukunya, tana ƙara sauri idan aka ƙara wuta. Wannan inji na dab da bugawa ke nan, kuma sauke shi a yi masa garambawul zai cinye abin da ka ɓoye har ya nemi ƙari. Ko an rage maka kuɗi, ka ce Allah ya kawo kasuwa ka wuce.

Abin da mutane suka fi mantawa shi ne ƙashin baburin. Inji ana gyarawa, amma shasin da ya lanƙwashe ko aka yi wa walda ba ya komawa daidai. Duba wuyan babur, inda kai ya haɗu da jiki, ka sa a ɗaga sit, in da hali har tanki. Walda mai tudu-tudu ko sabon baƙin fenti a wuri ɗaya kaɗai alamar karaya ce. Tsaya a bayansa ka tsuguna: tayar gaba da ta baya su zama a layi ɗaya. Kariyar ɗora kaya da aka ƙara wa tsawo ko ƙarfen baya da ya sunkuya na gaya maka buhunan da ya ɗauka. A ɗora shi a kan babban sitan, a danna baya tayar gaba ta tashi, ka juya kan hagu da dama. Idan yana maƙalewa a tsakiya, boris ɗin wuya ya ci. Kama tayar baya ka girgiza ta gefe da gefe, kada ka ji wasa. Mai da ke tsiyaya a ƙafafun gaba na nufin robobinsu sun mutu.

Kaca kuma, ja ta baya daga jikin faifan haƙora na baya. Idan ta taso har kana hango rabin haƙori, ta ƙare. Haƙoran da suka yi tsini ko suka lanƙwashe kamar ƙugiya su ma sun ƙare, kuma kaca da fayafayenta biyu, na gaba da na baya, tare ake canza su, in ba haka ba tsohon ya cinye sabon. A jikin taya akwai lambobi huɗu na ranar ƙira: 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Tayar da ta haura shekara biyar ko ta tsattsage a gefe, ka lissafa ta cikin abin da za ka saya. Haska cikin tanki da fitilar waya, don tsatsa a ciki ita ce ke toshe kafireta kullum. Mitar da ke ƙirga kilomita kuwa kada ka kula ta, yawanci wayarta ta daɗe da tsinkewa. Robar matakin ƙafa da ta birki sun fi ta faɗin gaskiya.

Idan hannunka bai faɗa ba, bakanike ya hau ya goya ka. A shiga kowace giya a fita, kada wata ta zame da kanta ta koma firi. A babbar giya, ana tafiya a hankali, a ba shi wuta gaba ɗaya: idan inji ya yi ihu amma gudu bai ƙaru ba, kuloci na zamewa. A miƙaƙƙiyar hanya a sassauta riƙo kaɗan a ga ko yana ja gefe guda. Bayan kun dawo ku bar shi minti biyar, sannan ku leƙa ƙarƙashinsa. Injin da aka wanke tas da safe, a lokacin ne yoyonsa ke fitowa.

Takardu, Malam Aminu, su ne inda mutumin kirki ke kwana a ofishin 'yan sanda. Lambar shasi tana buge a wuyan babur, ta inji kuma a jikin inji ta ƙasa. Karanta su harafi-harafi ka gwada da rasit na asali, na shagon da aka fara sayensa. Idan wurin lambar ya sha goga, ko haruffan ba su yi layi ba, ko an shafe shi da fenti mai kauri, babu ciniki. Idan sunan da ke rasit ba na mai sayarwa ba ne, ya kawo takardar da shi ma ya saya da ita. "Rasit ya ɓata" magana ce da ba ta da magani a wurinka. Ka lura ko makulli ɗaya ne ke tayar da shi ya kuma kulle kai; sabon mazaunin makulli a tsohon babur yana buƙatar bayani. Akwai kuma wani tarkon da ba sata ba: baburan da ake ba matasa bashi suna biya mako-mako, wani ya sayar kafin ya gama biya, mai kaya ya zo ya ɗauke abinsa a hannunka. Shi ya sa ya fi kyau a yi cinikin a ƙofar gidan mai shi, inda maƙwabta suka san shi da baburin, ko a kasuwar da ke da shugaban dillalai da littafin rajista.

A rubuta yarjejeniya kwafi biyu: sunayenku, lambobin nan biyu, lambar babur, launi, farashi, kwanan wata, da shaidu biyu daga kowane ɓangare. In mai unguwa ya sa hannu, ya fi. Ɗauki hoton katin shaidar mai sayarwa, ka biya ta banki zuwa asusun da ke ɗauke da sunansa. Kada ka ba da kafin alƙalami kafin ka ga takardu. A kuma yanke maganar la'ada tun farko, nawa ce kuma wa zai biya.

Wajen tayi, kada ka kushe kayan mutum, lissafi za ka yi masa. Bakanike ya faɗi kuɗin taya, kaca, kuloci, duk abin da kuka gani, ka tara ka cire daga abin da aka sa. In ya ce albarka, bar masa lambarka ka tafi. Lokaci ma yana da tasiri: da kaka, manoma sun sayar da amfani suna neman babur, kasuwa takan yi tsauri, gab da damina kuwa, masu neman kuɗin taki sun fi saurin sallamawa.

Ranar da ya zama naka, wuce wurin bakanike kai tsaye. A yi juye, wajen lita ɗaya ƙananan injinan nan ke sha, 20W-50 a cikin galan da ba a buɗe ba, ba na awo ba. A sa sabon fulogi, a wanke kafireta da matatar iska, a duba takalman birki, a saita kaca ta riƙa wasa kamar santimita 2 zuwa 3 a tsakiya, a sa mata mai. Da hunturu ƙura na toshe matata da wuri, ka riƙa duba ta. Man 'yan bumburutu kuma sai dole. Daga nan sai ofishin lasisi don mayar da takardu sunanka, da inshora, da lasisin tuƙi ajin A, wanda shi ne na babur. Sayi hular kwano mai igiyar haɓa da ƙaton kwaɗo da sarƙa, don makullin kai ba ya tsayar da ɓarawo.

In ka sami wanda ya kwanta maka, turo min hoton wuyansa da na rasit, da ɗan bidiyon tashinsa na farko da safe, wayar tana kusa da inji, in saurara kafin ka biya.

A gaida uwargida da yara. Mutanen gida duk suna gaishe ka.

Naka,
Sani