Wasiƙa zuwa ga Ummi, sabuwar in-caj ta ɗakin haihuwa

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ummi, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da maigidan da yaran. Mu nan lafiya lau, sai godiyar Allah. Babanku ya ce in yi miki barka da wannan matsayi. Allah Ya sanya alheri, Ya taya ki riƙo.

A waya ba ma samun doguwar magana, kullum ana kiranki ta wani gefen, shi ya sa na zauna na rubuta don ki karanta a natse. Aikin ungozoma kin iya shi, ba ni da haufi a kan hannunki. Sai dai daga ranar da aka ce ke ce in-caj, duk haihuwar da aka karɓa a ɗakin nan tana wuyanki, kina wurin ko kina gida kina barci. Yawancinsu kuma ba za ki gani da idonki ba. Abin da za ki sani shi ne abin da mutanenki suka iya buɗe baki suka gaya miki. Shugabar da ake tsoro kuwa ita ce ta ƙarshe da ke jin labari, kuma a aikinmu jin labari a makare rai yake ci.

Ki ɗauka ƙarfe biyun dare ne. Mace ta haihu, mabiyiya ta fita, an gyara ta, an miƙa jariri ga kakarsa. Ƙaramar ungozoma da ba ta daɗe da fitowa daga makaranta ba ta ɗaga zani, ta ga jini ya fi yadda take zato. Ta taɓa mara, ta ji mahaifa ba ta dunƙule ba. Ta san kira ya kamata ta yi. Sai ta tuna makon jiya da ta yi kira a kan abin da bai kai ya kawo ba, aka wanke ta tas a gaban masu jego da 'yan jinya, har aka tambaye ta wace makaranta ce ta yaye ta. Sai ta ce a ranta bari dai in ƙara dubawa nan da minti goma. Ta canza ƙyalle, ta goge gado, ta tsaya tana kallon agogo. Ke kin san abin da minti goma yake yi wa macen da ke zubar da jini, balle wadda dama ta zo da ƙarancin jini. Yarinyar nan tana da ilimin, tana da tausayin. Bakinta aka rufe tun makon jiya, kuma babba ce ta rufe shi.

Tun muna makaranta aka koya mana cewa jinin da ya kai rabin lita bayan haihuwa ya zama zubar jini, kuma kowace tsohuwar ungozoma ta san ido yana raina jini, zani da katifa suna shanye shi. A 2023 aka fitar da sakamakon binciken nan na E-MOTIVE, wanda Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero ta jagoranci ɓangarensa na Najeriya. An yi shi a asibitoci 80 a Najeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, a kan mata sama da 200,000. Ba su ƙirƙiro sabon magani ba. Leda mai ma'auni ake shimfiɗa wa mace don a ga adadin jinin da ya zuba, da zarar ya kai sai a yi komai a lokaci guda: a murza mahaifa, a ba da magungunan tsayar da jini, wato oksitosin da tranexamic acid, a sa ƙarin ruwa, a duba inda jinin ke fitowa, a kira na gaba idan bai tsaya ba. Zubar jini mai tsanani da shiga tiyata da mutuwa a dalilinsa, a haɗe, suka ragu da kashi 60 cikin 100. To ki dubi wannan "a lokaci guda" da kyau. Mutum ɗaya ba ta murza mahaifa tana sa kanula (bututun ƙarin ruwa a jijiya) tana zuƙo allura. Sai mutum uku ko huɗu da suka saba magana da juna ba fargaba. Ledar za ta nuna lamba, amma sai an samu wadda za ta ɗaga murya ta ce a zo.

Saboda haka duk wadda ta kira ki, ki zo, kuma ki zo da sakakkiyar fuska. In kin duba kin ga ba komai, ki ce mata ta kyauta da ta kira, sannan ki nuna mata abin da kika duba da dalilin da ya sa hankalinki ya kwanta. Sauran suna kallo. Yadda kika karɓi kiran da bai zama komai ba, shi zai sa a kira ki ranar da abin ya zama gaske.

Ban ce ki zama mai sanyi ba. Lokacin gaggawa ba a lallashi. Ki kira suna ki ba da aiki a taƙaice: Sista wance sa kanula, ke kira likita, ke riƙe agogo ki rubuta. Wanda aka ba aiki ya maimaita don ki san ya ji. Babu mai jin haushin wannan. Abin da ke zama a zuciya shi ne cin mutunci, irin su "ba ki da hankali ne" a gaban majinyata. Idan ƙura ta lafa, ku tsaya ko minti biyar ne ku duba me ya tafi daidai, me ya jinkirta, me ya ƙare a akwatin gaggawa. Wadda ke da gyara na kanta, ki ja ta ofis ki rufe ƙofa. Ina yawan tuna ayar nan ta 159 a Ali Imrana, wadda ta sauka bayan Uhudu, bayan maharba sun bar inda aka ajiye su an yi asarar rayuka. A wannan yanayin ne Allah Ya ce wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da ya kasance mai kaushi mai taurin zuciya da sun watse daga gare shi, sannan Ya umarce shi ya yafe musu, ya nema musu gafara, ya kuma shawarce su a cikin al'amari. Mutanen da suka yi kuskure jiya, su aka ce a nemi shawararsu yau.

Na san abin da ya fi damunki, ko da ba ki faɗa ba: waɗanda suka girme ki a shekaru da aiki, aka tsallake su aka ba ki. Wata ma ita ta koya miki ɗinki. Kada ki jira su zo gaishe ki a ofis. Ki same su inda suke, ki gaishe su yadda kika saba, ki ci gaba da kiransu Anti ko Mama kamar da. Ki tambaye su abin da suke ganin ya kamata a gyara a ɗakin, kuma in kin ɗauki shawarar wata ki faɗa a taro cewa tata ce. Za a samu wadda za ta gwada ki, ki ba da umarni ta yi kamar ba ta ji ba. Kada ki yi sa-in-sa da ita a bainar jama'a. A Hudaibiyya, shekara ta 6 bayan hijira, Annabi ya umarci sahabbai su yanka hadayarsu su yi aski, har sau uku, baƙin cikin sharuɗɗan sulhun ya hana kowa tashi. Ummu Salama ce ta ce masa ya fita kada ya yi wa kowa magana, ya yanka tasa, ya kira mai askinsa. Da suka ga haka sai suka miƙe gaba ɗaya. Idan kina son a cika takardar bibiyar naƙuda a kan lokaci, a ga taki a cike. Idan kina son a zo karɓar aiki ƙarfe takwas, a tarar da ke kin riga kowa. Mafi yawan masu turjiya a haka suke saukowa, ba tare da kin ɓata da kowa ba.

Kada kuma ki ɗauka ungozomomi ne kaɗai mutanenki. A wani asibiti da na yi aiki, wata dattijuwa mai shara tana goge ƙasa da asuba ta ga jini yana ɗiga ta ƙarƙashin gadon wata mai jego da kowa ya ɗauka barci take yi. Ta jingine tsinken gogewarta ta tafi kai tsaye wurin matiron, ko sallama ba ta tsaya yi ba. Matar ta rayu. Abin da ya ba dattijuwar nan ƙarfin gwiwa shi ne matiron ɗin kullum sai ta gaishe ta da sunanta, ta tambayi jikokinta. Ki san sunan masu shara, da mai gadi, da direban motar asibiti, da mai tada janareta, da na ɗakin gwajin jini. Daren da za ki nemi leda biyu ta jini, ko wuta ta ɗauke ana tsakiyar ɗinki, gaisuwar da kika daɗe kina yi ce za ta sa mutum ya taso da gudu.

Sai maganar rosta, wato jadawalin rabon aiki. A nan ake gane adalcin in-caj, kuma a nan yawancin gaba take farawa. A wasiƙar da Sayyidina Umar ya rubuta wa Abu Musal Ash'ari ya ce masa ya daidaita mutane a fuskarsa da majalisarsa da hukuncinsa, don kada mai daraja ya sa rai za a karkata gare shi, kada mai rauni ya yanke ƙauna daga adalci. Ki lura har fuska ya ambata. Aikin dare da na ƙarshen mako su zagaya kan kowa. Ki liƙa rostar da wuri inda kowa zai gani. Abokan aikinki Kiristoci za su riƙe muku ɗaki ranar Sallah, ku ma ku riƙe musu a Kirsimeti da Ista, kuma ki sa sunanki a cikin masu aikin ranar biki tun shekarar farko. Ƙawayenki su ji daga bakinki tun yanzu cewa zumunci yana nan amma rosta ba ta san shi ba. Wurin miƙa aiki, in akwai wadda ba ta jin Hausa sosai, a yi da harshen da kowa ke ji. Mai kawo miki gulma kuwa, ki ce mata bari a kira wance a yi maganar a gabanta. Sau ɗaya za ki yi haka ta daina.

Akwai wani abu a tarbiyyarmu da zai iya cutar da ke a nan, wato kara da kawaici. Mun koya muku ku kau da kai, kuma halin kirki ne idan ke aka yi wa laifi. Idan majinyaciya aka yi wa, ba ki da ikon yafewa a madadinta. Wadda ta fara makara, ki fara da tambayarta ko lafiya, domin sau da yawa za ki tarar yaro ne ba lafiya ko gida ne ya rikice, kuma sauya mata lokacin aiki na mako biyu ya isa. In abin ya ci gaba ki ja mata kunne a fili, ki gaya mata abin da zai biyo baya, in ya biyo bayan kuma ki rubuta. Amma marin mace tana naƙuda, ko zaginta, ko karɓar kuɗin da ba na ƙa'ida ba, waɗannan ba a jira musu karo na biyu. Har yanzu mafi yawan matan yankinmu na Arewa maso Yamma a gida suke haihuwa, kuma cikin dalilan da suke faɗa akwai wulaƙancin ma'aikata. Mace ɗaya da aka zaga za ta hana matan layinsu duka zuwa. Na kuma lura ma'aikaciyar da ake yi wa tsawa daga sama ita ta fi saukewa a kan mai naƙuda, don haka gyaran wannan ma daga bakinki zai fara.

Wata rana za a rasa mace ko jariri a hannunku, duk iya ƙoƙarinku. Ranar ke za ki fita wurin dangi, kada ki tura ƙaramar ma'aikaciya. Ke za ki tsaya gaban likitoci da hukumar asibiti ki ce ɗakina ne. Zaman bitar mace-macen masu juna biyu da ake yi an gina shi a kan cewa ba a kama suna, ba a ɗora laifi, don a gano inda aka samu jinkiri a toshe shi. Ki riƙe wannan da gaske, domin ranar da aka mayar da zaman kotu, daga ranar za a fara gyara rubutun fayil. Ita kuma wadda abin ya faru a hannunta, ki neme ta bayan an watse. Ki zaunar da ita, ki tabbatar ta ci abinci, ki kira ta washegari. Najeriya ce ke ɗauke da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na matan da ke mutuwa wajen ciki da haihuwa a duniya, ga ma'aikata suna ta tafiya Ingila da Saudiyya. Ba mu da ungozomar da za mu bari ta karaya.

Ki zaɓi mutum ɗaya ko biyu ki fara koya musu rosta da odar magunguna da rubuta rahoton wata, don ki iya ɗaukar hutunki idan ya zo, ki kashe waya ki kwana. Ki zauna da maigidan ku tsara yadda za a yi da yara a makonnin farko, domin za su yi nauyi. In kina so in zo in riƙe miki su na ɗan lokaci, ki faɗa, babanku ya riga ya amince.

Ki gaishe da maigidan da kyau, ki shafa min kan yaran. Ƙannenki duk suna gaishe ki. Allah Ya yi miki albarka, Ya sauki matan da ke hannunku lafiya.

Wassalam,
Mahaifiyarki