Zuwa ga 'Yata, Sabuwar Wakiliyar Rediyo

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya, na ji an ba ki ɓangaren labaran unguwanni da al'adu a gidan rediyon jiha. Allah ya sanya albarka. Wasu na raina wannan fanni don ba gidan gwamnati ake zuwa ba, alhali a nan ne mai sauraro yake jin muryar maƙwabcinsa. Aikinki ki kawo masa muryar nan tangaran, da sunan mai ita daidai.

Tun da dare ki shirya jaka: rikoda, batir na sauyi, abin sawa a kunne, da soson makirfo. Kada ki naɗi komai ba ki sa abin kunne ba, domin ta nan kaɗai za ki ji ƙarar janareta ko iskar hunturu tana dukan makirfo. Ki riƙe shi tazarar taƙi ɗaya daga bakin mai magana, ki ɗan kauce gefe don kada hucin baki ya buge shi. Ma'aunin ƙarfin sauti da ke jikin rikoda kada ya wuce lamba -12. In ya taɓa ja, sautin ya fashe, kuma babu injiniyan da zai gyara miki. Idan da waya kike naɗa, ki kashe layin tukuna, kira ɗaya yana yanke hira.

Kiɗa ya fi magana wuyar ɗauka. A Hawan Daushe, washegarin Sallah a Kano, kakaki da tambari da harbin 'yan bindiga za su cika miki rikoda kafin ki ankara. Ki rage ƙarfin ɗauka tun kafin dawakai su iso Ƙofar Kudu ta fadar Sarki, ki tsaya gefe da nisa. A filin dambe kuwa, in kika matsa kusa da kalangu, zai haɗiye kirarin ɗan dambe; makirfo ya fuskanci bakin mai kirari, gangar za ta shigo da kanta. Duk inda kika je, ki naɗi minti guda na hayaniyar wurin ba tare da kowa yana miki magana ba. Shi za a shimfiɗa ƙarƙashin muryarki lokacin haɗa rahoto.

Kafin ki kunna rikoda a unguwa, ki fara gaida mai unguwa ko dagaci. Kowa ya faɗi sunansa da sarautarsa da bakinsa a farkon naɗi, saboda kuskuren sarauta a iska yana rufe ƙofar da za ki daɗe ba ki buɗe ba. Tambayar da amsarta i ko a'a ce ba ta da amfani. A marinar Ƙofar Mata da ke Kano, ki ce wa marini ya nuna miki yadda ake haɗa baba da toka da katsi, za ki ji ya saki baki.

Kina da wata dama da abokan aikinki maza ba su da ita: shiga cikin gida. Kiɗan ƙwarya da shantu da waƙoƙin biki suna can, kuma kaɗan ne aka taɓa naɗa. Sai dai ki nemi izinin matan, ki bayyana musu cewa rediyo za a sa. Waƙa kuma kowace iri ce, ki saurare ta har ƙarshe kafin ta hau iska. Habaici da zambo sukan ɓuya a baitin da ba ki zata ba, kuma wanda aka yi dominsa zai gane.

Rahoto minti biyu zuwa uku ya isa, muryar kowane mutum daƙiƙa 20 ko kusa da haka. Ki karanta rubutunki a bayyane. Jimlar da ta ƙure miki numfashi, ki raba ta. Shugaban taro zai so jawabinsa ya cinye lokacin, ke kuwa ki bar wa masu sana'ar da aka taru dominsu kaso mafi girma. Ambulan da ake miƙawa da sunan kuɗin mota, ki mayar cikin ladabi.

Kowane fayil ki sa masa kwanan wata da wuri da sunan mai magana, ki ajiye kwafi biyu a wurare dabam.

Mahaifiyarki tana gaishe ki. Allah ya yi miki albarka.

Naki,
Baba