A binciki ƙasar gonakinmu, akwai magani a cikinta

Malam Edita, assalamu alaikum, don Allah a ba ni ɗan fili a wannan jarida mai farin jini in yi kira ga jami'o'inmu da masu riƙe da kuɗin bincike.

Ƙamshin nan da ƙasa ke yi in aka yi ruwan farko, wasu ƙwayoyin bakteriya ne da ke zaune a cikinta ke fitar da shi, sunansu Streptomyces, kuma wallahi ba ƙaramin taimako suka yi wa ɗan Adam ba. Daga jikinsu aka samo streptomycin a 1943 a jami'ar Rutgers ta Amurka, shi ne maganin farko da ya iya da tarin fuka, lokacin da in ya kama mutum sai dai addu'a.

Wanda ya fi taɓa ni shi ne labarin Satoshi Omura ɗan Japan, mutumin nan ƙasa kawai ya ɗiba kusa da wani filin wasan golf ya kai ɗakin gwaji, daga nan aka samu ivermectin, wato Mectizan ɗin nan da ake auna tsayin mutum da sanda a raba masa kyauta a ƙauyukanmu saboda makantar da ƙudan bakin kogi ke jawowa, har aka ba shi Nobel a 2015 shi da William Campbell. Kuma emamectin da manoma ke fesa wa tsutsar masara tun da ta shigo mana a 2016, ai duk tushensu ɗaya.

Haka waken SAMPEA 20-T da cibiyar binciken aikin gona ta IAR Samaru ta fitar a 2019, daga wata bakteriyar ƙasa, Bt, aka ɗauko abun da ke kashe tsutsar da ke huda kwanson wake, manomi ya rage yawan feshi.

To mu fa? Ga fadamun Haɗeja, ga dajin Falgore, ga bakin tafkin Chadi, ga ɗalibanmu masu ƙwaƙwalwa, amma yaro zai ɗebo ƙasa ya shuka a faranti ya ga ƙwayar ta hana wata yaɗuwa, sai aikin ya tsaya nan saboda ba na'ura ba wuta ba kuɗi, a ɗaure furojet a ajiye a kanta. Abun na ci mini rai, ga shi magungunan da muke da su sai rage ƙarfi suke saboda shan barkatai.

Don Allah TETFund, hukumar da ke tallafa wa manyan makarantu da kuɗi, ta ware wa wannan fanni kuɗi na musamman, a sayi kayan aiki, a sa wa ɗakunan gwaji sola, a riƙe yaran nan su ƙarasa abun da suka fara.

Naku mai karatu, daga Funtuwa.