Waƙar "Groove Is in the Heart" ba sata ba ce

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina gaida ka tare da dukkan ma'aikatan wannan tasha. Ni tela ne, kuma rediyona a kunne yake tun buɗe shago har tashi, don haka shirinku na kiɗe-kiɗen duniya ba ya wuce ni. A makon jiya kun sa waƙar ƙungiyar Deee-Lite mai suna "Groove Is in the Heart", sai baƙon da kuka gayyato ya ce ba komai ba ce illa tarkacen faya-fayan wasu da aka kwaso aka liƙa. Maganar ta tsaya mini a rai, har na ajiye almakashi na ɗauki biro.

Gaskiya ne akwai aro a cikinta. Kiɗan jitar bas ɗin nan mai sa ƙafa motsi an yanko shi ne daga "Bring Down the Birds" na makaɗin jaz ɗan Amurka Herbie Hancock, wanda ya yi domin fim ɗin Blow-Up a 1966. Busar usur ɗin nan mai hawa da sauka kuma daga waƙar Vernon Burch ce mai suna "Get Up". Babu mai musun wannan. Amma duk wanda ya taɓa zama gaban keke ya san cewa tara ƙyalle ba shi ne ɗinki ba. Kullum ina share guntayen atamfa da shadda daga ƙarƙashin teburina, kuma a cikin yarana goma da ƙyar za ka sami ɗaya da zai iya haɗa su su zama rigar da mutum zai sa ya fita. Sai ka san wane launi ke zama kusa da wane, da inda za ka ɓoye gaɓa. Shekara 24 wancan gutsuren na Hancock ya yi a cikin faifan fim, kafin waɗannan matasa su ji cewa zai iya ɗaukar waƙa guda a bayansa.

Su uku ne, a birnin New York suka haɗu: Lady Miss Kier 'yar Amurka mai rera waƙar, da Dmitry Brill wanda ya zo daga Yukren, da Towa Tei daga Japan. Sun yi shekaru suna wasa a gidajen rawa na birnin kafin kamfanin Elektra ya fitar da kundinsu na farko, World Clique, a 1990.

Abin da ya fi ba ni sha'awa, wanda baƙonku bai ambata ba ko kaɗan, shi ne yadda suka je suka nemo manya. Maceo Parker ya busa musu saksafon, Fred Wesley ya busa turombon, Bootsy Collins kuma ya sa muryarsa. Dukkansu ukun sun yi aiki a bayan James Brown, daga baya suka koma wajen wani babban mawaƙin Amurka, George Clinton. Bootsy ɗin nan ma ya zo Legas tare da James Brown a 1970, ya je ya kalli Fela da makaɗansa, kuma ya sha faɗin irin mamakin da suka ba shi. Mutane da yawa suna zaton shi ya kaɗa bas ɗin waƙar saboda sana'arsa ke nan, alhali daga faifan Hancock aka yanko shi. Sannan ga Q-Tip na ƙungiyar A Tribe Called Quest da ya shigo da gambara a tsakiya. To ina tambaya, ɓarawo ne zai kira dattawan sana'a su shigo ɗaki su tsaya kan aikinsa?

Salon da ake ce wa saikedelik, wanda waƙar da bidiyonta suka ɗauko kamanninsa, daga ƙarshen shekarun 1960 ya taso, kiɗa mai yawo kamar mafarki da launuka masu jujjuyawa. Na san an danganta shi da shaye-shaye a wancan zamani, kuma ba ni da ruwa da wannan ɓangaren. Abin da na gani da idona a bidiyon waƙar, a gidan wani maƙwabcinmu ina saurayi, launi ne da yanka. Kier tana rawa cikin kaya irin na shekarun 1960, bayanta zane-zane suna juyawa, Bootsy da tabarau mai siffar tauraro. Na sa aka maimaita kaset ɗin sau uku don kawai in ga yadda aka yanka hannun rigarta. Washegari na gwada a kan takardar siminti.

Kasuwa kuwa ta karɓe ta. Ta hau lamba ta 1 a jerin waƙoƙin da suka fi kasuwa a Ostareliya, ta kai ta 4 a jerin Billboard na Amurka. A Ingila abin ya zo da takaici: a watan Satumba na 1990 ta yi kunnen doki da "The Joker" ta Steve Miller Band, tsohuwar waƙar 1973 da tallar wandon Levi's ta farfaɗo da ita, aka ba wa waccan lamba ta 1, ita kuma ta tsaya a ta 2. Har yau wannan hukuncin bai kwanta mini ba. Ƙungiyar ba ta sake yin waƙar da ta kai wannan ba duk da kundi biyu da suka biyo baya a 1992 da 1994, kuma wataƙila shi ya sa ake saurin raina su.

Roƙona, Malam Edita, a shiri mai zuwa ku sa kiɗan Hancock tukuna, ku bi shi da na Deee-Lite ba tare da kowa ya yi magana a tsakani ba, sannan ku buɗe layi. Idan da hali a sake gayyato baƙon, ina so in ji abin da zai ce bayan ya saurari su biyun a jere.

Na gode. Allah ya ƙara basira.

Mai sauraronku,
wani tela daga Zariya