Bayan an sallamo yaro daga asibiti, wa ke bin sawunsa?

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni ɗan fili a jaridarku. Ni malamin firamare ne a wani ƙauye na ƙasar Gumel, Jihar Jigawa, ba nisa da iyakar Nijar. Ina bin shafinku na kiwon lafiya a waya, kuma na lura duk sanda annoba ta ɓarke, alƙaluma uku ake kawo mana: waɗanda suka kamu, waɗanda suka rasu, da waɗanda aka sallama. Daga nan sai labari ya mutu. Mu kuwa da muke zaune gari ɗaya da waɗanda aka sallamo, a wurinmu a nan wata ɗawainiyar take somawa. Binciken da masana suka yi a 'yan shekarun nan ya gaskata abin da idanunmu ke gani, amma ban ga ana faɗa wa iyaye shi da Hausa ba.

Sanƙarau shi ne baƙonmu na kowace bazara, don haka da shi zan fara, kuma sai na fara yaba wa masu bincike. Allurar da aka kawo Najeriya a 2011 ta karya lagon nau'in A, wanda ya yi mana mummunar ɓarna a 1996. Amma ƙwayar cutar iri-iri ce, da aka toshe wa wannan hanya sai nau'in C ya riƙa ɗaga kai. Daga watan Oktoban 2023 zuwa Maris na 2024 an ƙirga mutum 1,742 da ake zargin sun kamu a jihohi bakwai, har da tamu, 153 suka riga mu gidan gaskiya. A ƙarshen wannan Maris ɗin ne Najeriya ta zama ƙasa ta farko a duniya da ta soma amfani da sabuwar allurar Men5CV, wadda take kare mutum daga nau'i biyar a lokaci guda: A, C, W, Y da X. Shekara 13 aka kwashe ana aikinta, a Indiya ake haɗa ta, kuma a Mali da Gambiya aka gwada ta, wato a jikin mutane masu rana da ƙura irin tamu. Wannan aiki ne na a yi wa masu shi addu'a.

Sai dai Hukumar Lafiya ta Duniya da kanta tana cewa a cikin mutum biyar da suka tsira daga sanƙarau na ƙwayar bakteriya, ɗaya yakan fito da tabon da zai daɗe tare da shi. Wani kunne ne zai mutu, wani farfaɗiya ce za ta same shi, wani hannu ko ƙafa su yi rauni, wani kuma kansa ya daina riƙe karatu kamar da. Waɗannan duka a takarda suna cikin sahun waɗanda suka warke.

Akwai wata yarinya a ajina na uku, ba zan ambaci sunanta ba. Kafin ta kwanta ita ce mai jan baƙi idan ana karatun jam'i, muryarta har ajin da ke makwabtaka da mu ake jin ta. Ta yi jinya da zafin nan, Allah ya tashi kafaɗunta, gari ya yi ta barka. Da ta dawo makaranta sai na ga idan ana kiran suna ba ta amsawa sai ta ga ta kusa da ita ta zungure ta. Idan ina bayani, bakina take kallo, da zarar na juya ina rubutu a allo sai ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin hijabinta. Na tsaya a bayanta na buga tebur da ƙarfi, yara duka suka zabura, ita ko gezau. Da na je gidansu, mahaifiyarta daga bayan labule ta ce mini, “Malam, tun da ta tashi daga ciwon nan sai an taɓa ta take waiwayowa. Wasu sun ce iska ce ta shafe ta.” Mahaifin ya ɗauko mini takardar sallamarta a cikin leda. Sunayen magunguna ne a jiki da sa hannu. Babu wanda ya ce musu su dawo a duba kunnenta, babu ma wanda ya gaya musu cewa wannan ciwo yana taɓa ji. Yanzu maganarta ta soma lanƙwashewa, domin wanda ba ya jin muryar kansa, a hankali harshensa yake sakin hanya.

Ba iska ba ce. Can cikin kunne akwai wani ɗan lungu mai siffar katantanwa, cike da ruwa, shi ne yake mayar da ƙara ta zama saƙon da ƙwaƙwalwa ke ganewa. Kumburin da sanƙarau ke haddasawa a rufin ƙwaƙwalwa yakan gangara har cikin wannan lungu ya lalata shi, kuma a wasu yaran wurin yakan soma daskarewa ya zama ƙashi cikin 'yan makonni ko watanni. Shi ya sa jinkiri yake da tsada. A watan Afrilun 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idojinta na farko kan gano sanƙarau da jinyarsa da kula da mai shi bayan ya tashi, kuma a ciki ta ce a gwada jin duk wanda ya yi ciwon kafin a sallame shi, idan hakan bai samu ba, to a yi cikin mako huɗu. Akwai ƙaramar na'ura ta hannu da ake sa wa yaro a kunne ta nuna sakamako cikin 'yan mintoci. Yaron da jinsa ya ragu bai mutu gaba ɗaya ba, na'urar ƙara ji za ta iya riƙe shi a makaranta. Wanda kuwa ya kurumce sarai, gara a sani da wuri a soma koya masa maganar hannu da rubutu tun harshensa bai kwance ba, a kuma hutar da shi daga dukan da ake yi masa a kan wai ya yi taurin kai. Wannan dukan, Malam Edita, yana faruwa, kuma iyayen ba mugaye ba ne, ba a gaya musu ba ne.

Wani abin da ya sa nake so a yi binciken a nan gida shi ne, ba duk abin da ya yi aiki a Turai yake yi a wurinmu ba. Akwai allurar rage kumburi da aka ga tana kare jin yara masu sanƙarau a ƙasashen masu arziki, amma da aka gwada ta a kan yara kusan 600 a Malawi, sakamakon da aka fitar a 2002 bai nuna ta yi amfani ba. Yaranmu sukan isa asibiti a makare, da yawa kuma da tamowa a jikinsu. Idan ba a bi sawunsu wata shida ko shekara bayan sallama an rubuta abin da ya same su ba, da wane ma'auni za a tsara musu magani?

Mashaƙo ma haka yake. Tun ƙarshen 2022 da ya ɓarke, Kano ce ta fi kowace jiha ɗanɗana kuɗarsa, mu ma da muke makwabta bai bar mu ba. Kowa ya san shi da toshe maƙogwaro, amma dafin da ƙwayar ke saki yana bin jini ya taɓa zuciya da jijiyoyi, kuma sau da yawa sai bayan maƙogwaron ya washe, an koma gida, sannan wannan yake bayyana. Na ga ɗan makwabcina, mako uku da ciwon, ana ba shi koko yana dawowa ta hanci, muryarsa ta koma ta hanci, daga baya ƙafafunsa suka riƙa harɗewa. Gidan ya rikice, har an fara maganar sammu. Malamin asibitin garinmu ne, Allah ya saka masa, ya zauna a tabarma ya yi musu bayani cewa ganɗar yaron ce ta yi sanyi saboda dafin, kuma galibi yakan sake da kansa. Ya ce a zaunar da shi tsaye idan za a ba shi abinci, a dama masa kunu mai kauri a ba shi kaɗan-kaɗan don kada ya shaƙe, idan kuma aka ga numfashinsa ya canza ko yana yawan suma a garzaya da shi. Ya ƙara da abin da ya ba kowa mamaki, cewa ko ya warke sai an yi masa rigakafin, domin yin mashaƙo ba ya tabbatar wa mutum kariya daga sake kamuwa. Yaron ya miƙe. Bayanin da bai kai rabin sa'a ba ne ya tsaya masa, kuma kamata ya yi tun a bakin gadon asibiti iyayen su ji shi.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne binciken ƙyanda. Iyayenmu mata sun daɗe suna cewa yaron da baƙon dauro ya kama ba ya saurin komawa daidai, yau gudawa, gobe tari, jibi ciwon kunne. A 2019 masana daga Jami'ar Harvard ta Amurka da abokan aikinsu suka auna jinin yara 77 a ƙasar Holan waɗanda ba a yi wa rigakafi ba, kafin su yi ƙyanda da kuma bayan sun tashi. Suka tarar cutar ta share daga kashi 11 zuwa kashi 73 cikin 100 na sinadaran kariyar da jikin yaran ya tara a kan wasu cututtukan dabam. Kamar a ɗauki allon almajiri a wanke shi tas alhali bai riƙe haddar ba, dole ya koma ya sake daga farko. Wani binciken da ya gabaci wannan ya nuna raunin yakan kai shekara biyu zuwa uku. A yaran da aka yi wa allurar kuwa ba a ga wannan sharewar ba. Ashe uwar da ta kai ɗanta allurar wata 9 ta koma ta wata 15, ba ƙyanda kaɗai ta tsare masa ba. Kuma yaron da ya riga ya yi ta, ya cancanci a sa masa ido fiye da sauran, a ba shi sinadarin bitamin A saboda idanunsa, kada a yi sakaci da zazzaɓinsa. Na tabbata da an yi wa mata wannan bayani a gidan suna ko a makarantar Islamiyya, da layin rigakafi ya fi haka tsawo, domin abu ne da suka riga suka gani da idonsu.

Shan inna kuma mun yi murnar korarta. A Sumaila aka ga na ƙarshe a Jihar Kano a 2014, a watan Agustan 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da asalin ƙwayar. Amma waɗanda ta riga ta naƙasa suna nan, sun zama magidanta, kafaɗunsu da wuyan hannunsu sun gaji da tuƙa keke da jan jiki, kuma likitoci sun san cewa bayan shekara 15 zuwa 40 wani sabon rauni yakan dawo wa wasunsu. Su ma ba sa cikin lissafin kowa.

Za a ce likitocin gashin ƙashi da na kunne a birni suke, a Asibitin Ƙashi na Dala da na Malam Aminu Kano da manyan asibitocin Dutse da Birnin Kudu, kuma manomi ba zai iya jigilar zuwa can kowane mako ba. Gaskiya ne. Amma an riga an nuna ana iya sauko da aikin ƙauye. Masu bincike daga Jami'ar Bayero sun yi gwaji a Tsakuwa ta Dawakin Kudu a kan mutanen karkara masu daɗaɗɗen ciwon baya, inda suka haɗa motsa jiki da bayani cikin Hausa, kuma haɗin biyun ya fi bayanin shi kaɗai sauƙaƙa musu. A watan Mayun 2023 ma babban taron lafiya na duniya ya amince a shigar da aikin farfaɗo da masu rauni cikin kiwon lafiya na matakin farko. Ma'aikatan da suke bin gida-gida da damina suna raba wa yara maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro sun san kowane zaure a garin nan. Me zai hana a koya musu tambayoyi kaɗan da za su yi a gidan da aka sallamo yaro: yana ji, yana haɗiya, yana tafiya daidai, ya taɓa faɗuwa yana kakkafewa?

Akwai kuma batun amana, wanda ba na so a tsallake. Mutanenmu ba su manta da gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi a kan yara 200 a Kano lokacin annobar 1996 ba, inda 11 suka rasu, shari'a ta yi ta ja har aka sasanta da gwamnatin Kano a 2009. Wannan tabon yana cikin abin da ya sa aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano daga 2003 zuwa 2004. Har yau idan baƙi suka zo da takardu da kwalaben ɗibar jini, dattawa sukan tambaya, “To in kun gama, za ku dawo ku gaya mana abin da kuka gani?” Tambaya ce ta hankali. Mai binciken da ya dawo ya zauna a ƙofar gidan dagaci ya karanta wa jama'a sakamakonsa, ko da sakamakon cewa ya yi abin bai yi aiki ba, ya sauƙaƙa wa duk wanda zai zo bayansa.

Roƙona gare ka, Malam Edita, kada a jira sai annoba ta ɓarke. Sanƙarau yakan soma da hunturu ya tsananta a Maris da Afrilu. Kafin lokacin, ka tura wakilinka ya tambayi ma'aikatun lafiya na Dutse da Kano ko akwai na'urar gwajin ji a manyan asibitocin da ake kwantar da masu sanƙarau, ko ana rubuta ranar dawowa a takardar sallama, da kuma inda za a tura yaron da aka samu ya kurumce. Ka samo mana likitan kunne da na gashin ƙashi su yi bayani a shafinku da Hausar da za a iya karanta wa uwa ta gane. Idan wakilin naka ya samu zarafin ƙarasowa ƙasar Gumel, ya nemi malaman firamare, mu muke riƙe da rajista, mun san yaran da suka bar zuwa makaranta bayan sun tashi daga jinya, kuma da yardar iyayensu za mu raka shi gidajensu.

Wassalam.

Naka,
Wani malamin firamare,
daga ƙasar Gumel, Jihar Jigawa.