Godiya ga Alhaji mai shagon babura na Sabon Gari da bakanikensa

Assalamu alaikum Alhaji,

Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da yaran shago, na ga ya kamata in yi wannan godiya a bainar jama'a, domin samari da yawa a Kano yanzu sun raja'a ga ƙananan baburan tsere, kuma ba kowane ɗan kasuwa ne zai tsaya ya yi musu irin bayanin da kuka yi mini ba.

Babura biyu ne suka tsaya mini a rai: Yamaha R15 mai inji cc 155 (cc ma'aunin girman inji ne), da Bajaj Pulsar NS200 mai kusan cc 200. R15 ɗin shi ne ya fi tsada a shagonku, shi ne kuma ya fi ɗaukar ido, ga rufin roba, ga ƙira irin ta filin tsere. Da ka so, da ka bar ni da shi, ka ƙirga kuɗinka. Amma tambayarka ta farko ita ce, wace hanya zan riƙa bi? Da na ce Kano zuwa Wudil wurin aiki, wani lokacin kuma da maiɗakina a baya idan za mu gaida iyaye, sai ka ce kada a yi maganar farashi tukuna, a fara maganar ƙugu da wuyan hannu.

Ka sa na hau kowanne, kuma ba a kan kwalta mai santsi ba. Yaronka ya bi da ni ta lungunan da ruwan sama ya cinye, inda ake da ramuka da tudun rage gudu. Nan na ji bambancin a jikina. Hannun tuƙin R15 yana ƙasa, wurin taka ƙafa ya ja baya, dole mutum ya duƙa, nauyinsa ya sauka a kan hannuwa. A kwana da gudu abin sha'awa ne ƙwarai, babur ɗin ba ya rawa ko kaɗan, don haka aka ƙera shi. A cunkoson Bata ko Yankura kuwa, inda ake tafiya ana tsayawa, wuya da kafaɗa ne ke biyan bashin. Kujerar goyonsa ma tana can sama, 'yar ƙarama. A kan NS200 mutum na zaune kusan a miƙe.

Inda na fi ƙaruwa shi ne wurin Malam bakanike. Ni da na saba da Boxer, wanda shokozobansa na baya biyu ne masu sifirin cikin sifirin saboda ɗaukar kaya, na ɗauka laushi shi ne inganci. Malam ya ce sam. Sifirin nauyi kawai yake ɗauka, man da ke cikin shokozoba shi ne ke hana babur ci gaba da lilo bayan ya faɗa rami. Idan laushi ya yi yawa, gaba zai nutse duk sanda aka damƙe burki, baya kuma ya buga ƙasa idan an yi goyo. Idan tauri ya yi yawa, taya na tsalle a kan gargada ba ta manne da ƙasa, ka ga burki ma ya rage kamu ke nan. Ya ƙara da cewa shokozoban gaba na juye, mai kauri a sama, wanda Bajaj ya sa wa NS200 daga 2023, amfaninsa ƙarfi ne lokacin burki da kwana, kada in ɗauka katifa aka saya mini.

Daga nan ya ɗauko tef ɗin awo. Ya auna bayan NS200 ɗin tayar na reto, ya sake aunawa ina zaune a kai da hular kwano da jakata. Ya ce a hanyar gari ana son babur ya zauna kamar milimita 30 zuwa 35, wato wajen kashi ɗaya cikin uku na tafiyar shokozoba. Nawa ya zarce haka, sai ya murɗa zoben da ke kan sifirin baya har ya daidaita, ya kuma nuna mini matakin da zan ƙara ranar goyo. Ya ja kunnena cewa murɗa zoben ba ya sauya taurin sifirin, tsayin zaman babur kawai yake gyarawa. Ya duba iskar taya da geji, ya rage ta zuwa abin da kamfani ya rubuta, domin masu faci kan cika iska har taya ta zama dutse, daga baya a ɗora laifin a kan shokozoba. Duk wannan aiki ko sisi bai karɓa ba, har sai da na matsa masa ya sha lemo.

NS200 na ɗauka. Ba zan ce yana haɗiye rami kamar Boxer ba, tayoyinsa da ƙirarsa na gudu ne, babban rami kuwa dole a sassauta masa. Amma ina isa Wudil in sauka in shiga aji ba tare da dafe ƙugu ba, maiɗakina ma ba ta yi ƙorafin zaman ba. Wanda burinsa shan kwana ranar Lahadi shi kaɗai, R15 zai fi gamsar da shi, kuma haka ka faɗa mini tun a shago.

Roƙona ɗaya, Alhaji, ku riƙa ajiye robar da ke tare man shokozoban gaba da shi kansa man, saboda ƙurar hunturu na saurin cinye robar, kuma na jabu sun yi yawa a kasuwa. Allah ya ƙara wa kasuwa albarka, ya tsare mu a kan hanya. A gaida Malam bakanike da kyau.

Naka,
Wani malamin makaranta daga Hotoro, Kano