Ƙudan Zuma Sun Dawo Lambuna Saboda Wani Baƙon Tsiro

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a shafinku na noma, domin na daɗe ina ganin ana yawan maganar taki da maganin feshi, amma ba a cika tuna ƙudan zuma ba.

Ni malamin makaranta ne da ya yi ritaya. Ina da ɗan lambu a bakin wani tsohon ramin kuza a nan Jos, inda nake noman rani na kokwamba da kabewa da tumatir, da layi biyu na sitiroberi don jikoki. Shekaru biyu a jere kabewata tana fure kamar abin arziki, amma 'ya'yan da sun kai girman ƙwai sai su yi rawaya su zube. Na zargi taki, na zargi ruwa. Wani dattijo maƙwabcina ne ya ce mini, "Malam, yaushe rabonka da ganin zuma a kan furen nan?" Sai na yi shiru. Kabewa da kokwamba furen namiji daban, na mace daban, in ba ƙwaro ya ɗauki garin wannan ya kai wa wancan ba, babu ɗa.

Ana haka wata mai sayar da furanni ta ba ni iri a ƙullin takarda, baƙaƙe, ba su kai ƙwayar shinkafa tsawo ba. Sunansa boraj. Asalinsa ƙasashen bakin tekun Bahar Rum ne, kuma Larabawa suna kiransa lisanus sauri, wato harshen sa. Duk wanda ya shafa ganyen zai ce sun iya suna, don kaushi da ƙaiƙayi sai ka ce saniya ta lashe ka.

Na shuka a farkon Nuwamba. Kuskurena na farko, na yi masa reno irin na tumatir da niyyar dashe. Ashe saiwarsa guda ce doguwa mai nitsewa ƙasa, ba ta son a taɓa ta, rabin abin da na dasa ya mutu. Karo na biyu na binne irin kai tsaye a gefen kunya, zurfin gaɓar yatsa, taku biyu tsakani. Cikin kwana 10 ya tsiro, wajen mako 8 ya fara fure, ya kusa kai mini ƙugu. Sanyin Jos ya karɓe shi, tunda garinmu yana kan tudu kimanin mita 1,200. Kwanciyar ruwa ce kawai ba ya so.

Furen shuɗi ne mai tsini biyar kamar tauraro, yana sunkuyar da kai ƙasa. Da rana ta ɗan ɗaga sai ka ji gurnanin zuma tun daga bakin shinge, kuma ba sa tashi sai yamma, saboda furen yana saurin mayar da zaƙinsa bayan an sha. Daga nan suke zarcewa kan kabewa. Bana har kyauta na yi da ita.

Sai dai ina so a yi hattara da abin da ake yaɗawa a WhatsApp, cewa wai boraj yana korar tsutsar tumatir. Ni dai tsutsa ta ci tumatirina da boraj ɗin tsaye a gefensa. Tumatir ma ba ya dogara da ƙudan zuma kamar kabewa, furensa ɗaya ya haɗa namiji da mace.

Boraj ɗin ana cin sa. Furen ɗanɗanon kokwamba gare shi, jikata takan tsinka ta watsa a kan kwaɗo. Ganyen kuwa sai an dafa ƙaiƙayin yake kwanciya. Uwargida ta gwada shi a miya tare da alayyahu, ta ce bai kai rama ba, ni ma ban yi mata musu ba. A Italiya suna cusa shi cikin taliya, a arewacin Sifen suna dafa shi da dankali. Amma ganyen yana ɗauke da wani sinadari da kan cutar da hanta in an yawaita, don haka ba abin da za a mai da shi shayin kullum ba ne, kuma masu juna biyu da masu shayarwa su bar shi. Na faɗi wannan ne don na san mutanenmu, gobe sai ka gan shi a kwalba ana cewa yana maganin cuta 99.

Roƙona ga 'yan'uwa masu lambu, wanda zai yi feshi ya bari sai rana ta faɗi, lokacin da zuma ta koma gida. Feshin hantsi guda daga gonar da ke kusa ya bar mini matattun ƙudaje birjik a ƙarƙashin furen.

Yanzu ba na ma shukawa, irin da ya zube yana fitowa da kansa har cikin layin sitiroberi, sai dai in bi ina cirewa.

Naku mai karatu kullum,
Wani mai lambu, Jos.